Daga Arlit Zuwa Tchibarakaten: Wa Zai Cika Wa Ɗan Bida Wata 180?

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta kamfanin COMINAK da ke Akouta, kusa da Arlit, bayan ta shafe shekara 43 tana aiki, ta kuma fitar da ma'adini kimanin tan 75,000. Ma'aikatan kamfanin wajen 600 suka ajiye kayan aiki, tare da wasu ɗaruruwa da ke aiki a ƙarƙashin ƴan kwangila. A lokacin an yi ta magana a kan kuɗin sallama, da makomar garin Akokan, da tsibin sharar ma'adini da aka bari a fili, kuma dukkansu maganganu ne da suka cancanci a yi. Amma akwai wata magana guda da ba a cika ji ba, ko daga bakin hukuma ko daga bakin jama'a, watau maganar watannin da waɗannan bayin Allah suka riga suka zuba a asusun CNSS, da abin da zai faru da su idan mai su ya bar aikin albashi, ya shiga hamada ko ya tsallaka iyaka neman abinci.

Sanin kowa ne hanyoyin da ke gaban mai neman abinci a arewacin ƙasar nan ba su da yawa. Wanda ya rasa aiki a Arlit, ko dai ya kama ɗan kasuwanci, ko ya koma garinsu a jihar Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, ko ya nufi Tamanrasset ko Sabha, ko kuwa ya hau mota zuwa wajen haƙar zinariya. Tun shekarar 2014, da aka gano zinariya a Djado, sa'an nan bayan ƴan watanni aka gano ta a Tchibarakaten, wannan hanya ta ƙarshe ita ce ta fi jan matasa da magidanta. Da gwamnati ta rufe Djado a 2017, sai nauyin ya ƙara komawa kan Tchibarakaten da mahaƙan tsaunukan Ayar.

Wanda bai taɓa zuwa Tchibarakaten ba zai yi wuya ya gane irin rayuwar da ake yi a can. Wuri ne a tsakiyar hamada, ɗaruruwan kilomita daga Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Ruwan sha da mota ake kawo shi daga nesa, a sayar da shi da tsada. Mutane sun taru daga kowace jiha ta Nijar, da Cadi, da Sudan, da Nijeriya, da wasu ƙasashe. Ana shiga rijiyoyi masu zurfin gaske a fasa dutse, a ciro shi, a niƙa, a wanke, sa'an nan a raba abin da aka samu tsakanin mai rijiya da mai kayan aiki da lebura, gwargwadon yarjejeniyar baka. Babu takardar albashi, babu lambar rajista, babu ranar biya. Wasu ma sukan saci hanya su ƙetara cikin ƙasar Aljeriya neman dutse mai kyau, su jefa kansu cikin haɗarin kamu da ɗauri. A kan taswira Tchibarakaten ƙasar Nijar ce, babu tantama. Amma ta fuskar fansho, mutumin da ke can da wanda ke leburanci a Libiya ko gadi a Abijan duk jirgi ɗaya ya kwaso su: littafinsu ya tsaya tun ranar da suka karɓi albashin ƙarshe.

Domin a gane girman asarar, ya kamata a tuna yadda tsarin yake. An kafa asusun CNSS a shekarar 1965, aka shigo da reshen fansho a 1967, domin ma'aikatan kamfanoni da sauran masu albashi waɗanda ba cikakkun ma'aikatan gwamnati ba ne. Su kuwa ma'aikatan gwamnati nasu asusun daban yake, wanda a yau CARENI ke riƙe da shi. Kowane wata ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 6.25, a zuba domin tsufa da naƙasa da magada. Kafin mutum ya ci fansho na dindindin sai ya cika shekara 60, sai kuma zubinsa ya kai wata 180, watau shekara 15. Wanda ya kai shekarun amma watanninsa ba su cika ba, abin da ake ba shi dunƙule ɗaya ne, ya karɓa sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Tsakanin mai wata 179 da mai wata 180 akwai tazara irin ta tsakanin mai randa da mai rijiya.

A ɗauki misalin makaniken da ya shiga aiki a watan Afrilu na 2010, aka sallame shi a ƙarshen Maris na 2021. Ya zuba wata 132. Abin da ya rage masa wata 48 ne, shekara huɗu kacal. Idan ya tafi Tchibarakaten ya yi shekara goma yana fasa dutse, ko ya tafi Libiya ya yi shekara goma yana gyaran injuna, ko wata ɗaya ba zai ƙaru a littafinsa ba, ko da kuwa ya samu ninkin abin da yake samu a da. Ranar da ƙarfi ya ƙare, ƙura ta cika ƙirji, ido ya rage gani, zai dawo gida ya tarar shekara goma sha ɗaya na guminsa ba su isa su saya masa fansho ba. Idan kuwa rai ya yi halinsa a can, matarsa da ƴaƴansa su ne za su shiga yawon ofisoshi da takardun da ba su san kansu ba.

Abin mamaki shi ne doka ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Akwai abin da ake kira inshorar ganin dama: mutumin da ya taɓa zama cikin tsarin na aƙalla wata shida a jere, sa'an nan ya bar aikin albashi, yana da ikon ya nemi ci gaba da zubi da kansa, ya ɗauki nauyin kasonsa da na mai kamfani, watau kashi 11.5 cikin ɗari. A ce albashin da aka ɗora lissafi a kai jika 100 ne, watau sefa 100,000. Zubin wata zai kama sefa 11,500, na wata 48 kuma sefa 552,000. Kuɗi ne, babu wanda zai ce ba kuɗi ba ne. Amma a gwada shi da abin da ake haƙowa. Farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 2,000 kowace oza a 2020, ya haura 3,000 a watan Maris na 2025, ya haura 4,000 a watan Oktoba na 2025. A kan wannan farashi na ƙarshe giram ɗaya ya fi jika 60, watau zubin wata biyar. Ko da an cire abin da dillali ke ragewa a bakin rijiya, da kason mai rijiya, da kuɗin ruwa da abinci, mutumin da Allah ya ba sa'a sau ɗaya ko biyu a shekara yana iya biyan zubin shekarar bai ji a jikinsa ba.

To, me ya hana? Abu na farko rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. A ranar sallama hankalin ma'aikaci yana kan kuɗin da zai karɓa, da bashin da zai biya, da gidan kamfani da zai tashi daga ciki. Da wuya a samu wanda zai zaunar da shi ya ce masa: ga adadin watanninka, ga abin da ya rage, ga takardar da za ka cika. Alhali kuwa dokokin irin wannan inshora a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa sukan gindaya ɗan gajeren wa'adi bayan barin aiki, wanda in ya wuce an yi asarar damar. Mutumin da ya yi shekara biyar a jeji kafin labarin ya iske shi, ya makara.

Abu na biyu nisa ne. Tsarin da aka gina domin akawun kamfani, mai ofis da hatimi da asusun banki, ba zai yi wa mai fasa dutse daidai ba. Wanda ke Tchibarakaten sai ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota mai tsada, ya kwana a hanyar da ƴan fashi ke tarewa, kafin ya isa ofishi mafi kusa. Wanda ke Aljeriya ba tare da takardun zama ba kuwa, fitowarsa ma kasada ce, balle komawa. Ga shi kuma samun ɗan bida ba na wata-wata ba ne. Yau akwai, sai a yi wata huɗu babu. Duk tsarin da ya ce lallai sai a biya daidai da daidai a kan rana, ya kori irin wannan mutum tun kafin ya shigo.

Abu na uku, kuma mafi girma, ƙofar ta yi ƙunci. An yi ta ne domin wanda ya taɓa cin albashi. Mafi yawan masu haƙa a Tchibarakaten, da mafi yawan ƴan Nijar da ke bida a ƙasashen waje, ba su taɓa ganin takardar albashi ba a rayuwarsu. Haka nan ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Maraɗi da Kano, da mai shago a Kwatano, da direban da ke jigilar kaya daga Agadas zuwa iyaka, da mai sayar da shayi a kasuwar Arlit. Waɗannan su ne ke riƙe da tattalin arzikin ƙasa a zahiri, su ke aiko da kuɗin da ake sayen hatsi a lokacin bazara, amma ba a yi ƙofar dominsu ba.

Bayan waɗannan uku akwai maganar amana, wadda ba za a tsallake ta ba. Dattawan kasuwa ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, ba su manta da ajiyar talakawa da ta maƙale a asusun tanadi na gidan waya a farkon shekarun 1990 ba. Ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka wayi gari kuɗin sefa ya rasa rabin darajarsa. Su ma ma'aikatan gwamnati da suka rayu a wancan zamani sun san ɗacin jiran albashi wata da watanni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka idan aka ce wa ɗan kasuwa ya miƙa kuɗinsa ga asusun hukuma, ya jira shekara ashirin, yana da hujjar da zai tambaya: wa ke riƙe da makullin, kuma wa ke duba mai makullin? Amsar wannan tambaya tana wuyan hukuma, kuma da lissafi a fili ake ba da ita.

Wani zai ce ai akwai yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe. Gaskiya ne akwai. Nijar ta sa hannu da Faransa a kan yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata tun 1973. Tana cikin ƙungiyar CIPRES, wadda ƙasashe masu amfani da sefa suka kafa a Abijan a 1993, wadda kuma ta samar da yarjejeniyar haɗa watannin zubi a Dakar a 2006, ta yadda wanda ya yi aiki a ƙasashe biyu ko uku za a tara masa shekarunsa. Ƙungiyar CEDEAO ma ta amince da irin wannan yarjejeniya a 2013, sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata a watan Janairu na 2025. Amma ko da dukkan takardun nan suna aiki yadda ya kamata, akwai giɓi biyu. Na ɗaya, Aljeriya da Libiya, inda ƴan arewa suka fi nufa, ba sa cikin CIPRES ko CEDEAO. Na biyu, yarjejeniya tana haɗa watannin wanda aka yi wa rajista ne a can. Leburan da ke aiki a ɓoye ba shi da watan da za a haɗa masa. Abin da zai cece shi ɗaya ne, ya kasance yana da asusu a gida wanda yake zuba wa da hannunsa.

Tarihi kuwa ya sha nuna cewa zaman baƙo ba shi da tabbas. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi daga Gana, ƴan Nijar da dama suka baro dukiyar da suka tara. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi haka a Nijeriya. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubun-dubatar ƴan Nijar, suka iso Dirkou da Agadas hannu rabbana. Tun ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido da ƴan Nijar ayari-ayari, ƴan wasu ƙasashe kuma a zube su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. A shekarar 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya. Mutumin da aka kama a kan titi ko a wurin gini, aka jefa shi mota, ba ya samun damar ɗaukar ko akwatinsa. Shago ana ƙwacewa, kuɗi ana karɓewa a shinge, amma watannin da aka rubuta a littafin asusu a Yamai babu sojan iyakar da zai iya ƙwace su.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Faransa tana da asusu na musamman, CFE, domin ƴan ƙasarta mazauna waje. Injiniyan Bafaranshe da ya yi shekaru a Arlit yana da hanyar da zai ci gaba da gina fanshonsa a gida, alhali makaniken da suka yi aiki tare, in ya ƙetara Tamanrasset, nasa ya tsaya. A Ingila ana buƙatar zubin shekara 10 kafin a samu wani abu daga fanshon gwamnati, da shekara 35 kafin a samu cikakke, kuma an yarda mutum ya koma baya shekara shida ya cike giɓin da ya bari. Har ma an ba da dama ta musamman, wadda ta ƙare ranar 5 ga Afrilu 2025, ta cike giɓi tun daga 2006. Ƙasar Filifin, wadda miliyoyin ƴaƴanta ke aiki a ƙasashen Larabawa da sauran duniya, ta wajabta musu shiga asusun ƙasa da dokar da aka sa wa hannu a 2019. Idan aka ce waɗannan sun yi nisa, to ga Mali nan kusa: tun 1999 ta yi dokar da ta buɗe inshorar ganin dama ta asusun INPS ga ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu da sauran masu cin gashin kansu. Nijeriya kuma a watan Maris na 2019 ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'o'in da ba na albashi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai gamu da cikas ba, amma dai sun fara tafiya.

Akwai uzurori da aka saba ji, kuma ya dace a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, wa ya san zai kai shekara 60? Rai a hannun Allah yake. Amma ƙiyasin tsawon rai da ake yawan ambata game da Nijar mutuwar ƙananan yara ce ke ja da shi ƙasa. Namijin da ya kai shekara arba'in da lafiyarsa yana da kyakkyawan zaton ganin sittin da abin da ya ɗara. Sa'an nan zubin ba na tsufa kaɗai ba ne, ya haɗa da naƙasa da rabon matar mamaci da marayunsa. Wanda ya tuna da rijiyar zinariya da ta rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021, ta hallaka aƙalla mutum 18, ya san wannan sana'a tana barin zawarawa da marayu. Wani ya ce ƴaƴa su ne fanshon Bahaushe. Haka aka taso aka tarar, kuma Allah ya sa albarka. Sai dai ƴaƴan yau su ma suna bakin rijiya ko bakin iyaka suna neman na kansu, kuma tsohon da ke da ɗan abin hannunsa ya fi daraja a gidan ɗansa. Wani ya ce gara ya sayi shanu ko fili. Ya saya, babu laifi. Amma fari yana cinye garke, kamar yadda aka gani a 1973 da 1984, gida kuma a garin ma'adini darajarsa tana bin bayan mahaƙa, ta rufe ya faɗi. Mai hankali ba ya ɗaure dukkan kayansa a kan raƙumi ɗaya. Masu shakka ta fuskar addini kuwa haƙƙinsu ne a yi musu bayani a gaban malamai, a nuna musu yadda asusun ke aiki: masu ƙarfi na yau ne ke ciyar da tsofaffin yau, domin na gobe su ciyar da su, kamar adashen da ya haɗa ƙasa baki ɗaya.

Wannan siffa ta adashe ita ce ta sa maganar ta shafi kowa, har da wanda bai taɓa tunanin barin garinsu ba. Adashe yana rayuwa ne da yawan masu zubi. Shekara da shekaru kamfanonin yuraniyom suna cikin manyan masu zubi a ƙasar nan, tun daga SOMAÏR da ta fara fitar da ma'adini a 1971. Yau COMINAK ta rufe. Aikin Imouraren, wanda aka ɗora wa buri mai yawa, an dakatar da shi tun 2014, aka janye lasisinsa daga hannun Orano a watan Yuni na 2024. SOMAÏR ta shiga taƙaddama har gwamnati ta mayar da ita mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan matakai, lissafi ɗaya ne: albashin ma'adini ya ragu a arewa, tsofaffin da za a biya kuma suna ƙaruwa, yayin da dukiyar yankin ta koma hannun dubban mutanen da asusu bai san da zamansu ba. Shigo da su gata ne a gare su, kuma ƙarfi ne ga asusun da tsofaffin ma'aikata ke dogaro da shi.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su ɗauki matakai bayyanannu. Na farko, a wajabta wa kowane kamfani da kowane ɗan kwangila, a ranar da ya sallami ma'aikaci, ya miƙa masa takardar da ke nuna watannin da aka zuba masa, tare da bayanin inshorar ganin dama da wa'adinta, da Faransanci da Hausa da Tamajak. Sufetocin ƙwadago su bi sawu, musamman wajen ƴan kwangila, inda aka fi kukan ana cire kuɗi daga albashi ba a kai shi asusu.

Na biyu, a buɗe dama ta musamman, mai ƙayyadadden lokaci, ga duk wanda ya bar aiki tun rufe COMINAK ko kafin haka, ya zo ya cike watannin da suka rage masa, a kan farashin da masana lissafi suka tabbatar ba zai cuci asusu ba.

Na uku, a kai asusu inda mutane suke. Ɗan bida ya riga ya saba aika kuɗi gida ta Nita ko Al Izza ko Amana ko ta wayar hannu. Babu dalilin da zai hana ya biya zubinsa ta wannan hanya, ya samu shaida nan take a wayarsa, ya kuma iya duba adadin watanninsa duk lokacin da ya so. A yarda ya biya na wata shida ko na shekara a dunƙule ranar da ya samu. A tura ma'aikatan asusu rangadi zuwa Tchibarakaten da sauran mahaƙai, kamar yadda masu karɓar haraji da masu sayar da katin haƙa ba sa kasa zuwa. Ƙananan ofisoshin jakadanci irin na Tamanrasset da Kano da Jidda su zama wuraren rajista.

Na huɗu, a yi doka da za ta buɗe tsarin ga ƴan kasuwa da masu sana'a da masu haƙa da ƴan ƙasa mazauna waje, da matakan zubi daban-daban, kowa ya zaɓi daidai ƙarfinsa. Ƙasashen AES uku kuma, tun da sun ce haɗin kai suke nema, su fara da tabbatar wa ma'aikatansu cewa watan da aka zuba a Bamako ko Wagadugu za a ƙirga shi a Yamai.

Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin sauran, a riƙa buga lissafin asusun kowace shekara a jaridu, a karanta shi a gidajen rediyo: nawa ya shigo, nawa aka biya, ina aka ajiye ragowar, wa ake bi bashi, har da gwamnati in tana ciki. A sa wakilan masu zubin ganin dama a majalisar gudanarwa, su zauna tare da na ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni. Dukiyar asusun ta masu zubi ce, bai halatta ga kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, ta mayar da ita aljihun toshe giɓin kasafi ba.

Su ma jama'a akwai nasu. Tsohon ma'aikacin da ke da lambar rajista ya nemo ta, ya adana takardun albashinsa, ya bar kwafi a hannun iyalinsa kafin ya hau mota, ya je ofishin CNSS ya tambayi adadin watanninsa a rubuce. Manyan ƴan kasuwa da masu rijiyoyi, waɗanda ke da yara goma ko hamsin a ƙarƙashinsu, su san cewa yi musu rajista ya fi sadakar da za su ba iyalansu bayan ƙasa ta rufe su. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, da ke tara kuɗi domin kai gawa gida, su ƙara da tunanin wanda zai koma gida da ransa amma ba ƙarfi. Ma'aikacin gwamnati da ke bayan tebur kuma ya tuna cewa tsohon da ke tsaye a gabansa da takardu a leda yana iya zama ƙanen mahaifinsa, kuma duk tsohon da ya dawo hannu wofi, a gidan mai albashi ake sauke shi.

Arlit ta nuna cewa mahaƙar da aka kafa da biliyoyin kuɗi da injiniyoyi tana da ranar rufewa. Djado ta nuna cewa takarda ɗaya daga Yamai ta isa ta watsa dubban mutane. Babu dalilin da zai sa a ɗauka Tchibarakaten za ta dawwama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun zinariya tana da tsada, tun masu haƙarta suna da ƙarfi a damtse, ya kamata gwamnati da asusun CNSS da ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su zauna su buɗe wannan ƙofa, domin mai wata 132 ya samu ya cika 180 ɗinsa, wanda bai fara ba kuma ya samu inda zai fara.